Matsalar Daga Wajenmu Ce

Ranar Litinin da safe Manaja ya tare Mai Waya a kan matakala, ya ce masa ranar Alhamis za a zauna a kan maganar aikinsa. Ko dai a bar shi a kujerarsa, ko a sallame shi a ba wani kamfani na waje kwangilar kula da kwamfutocin ofis. Ya faɗi haka ne yana sakace haƙori da kusurwar katin wani baƙo, ko kallon mutumin bai yi ba, sannan ya haye sama abinsa.

Mai Waya shi ne mai kula da kwamfutoci da netwok na wani kamfanin rarraba magunguna, gini mai hawa uku a bayan tashar mota. In abu ya lalace, sunansa Injiniya, har da su "ranka ya daɗe". In komai na tafiya daidai, Mai Waya ne, kuma sunan da ya bi shi har gida ke nan. Ya haura hamsin, gwiwarsa ta dama tana ƙara in ya durƙusa. Ya san sarai cewa in ya fita daga ginin nan babu wanda zai ɗauki mai furfura ya ja masa waya, ga samari birjik a gari suna neman aikin ido rufe. Kuma ba aikin kaɗai ke cin ransa ba. Dalilin da aka bayar shi ne wai netwok ɗinsa ba ya zama lafiya, alhali shi ya san irin yadda yake zama.

Ubansa mai gyaran rediyo ne, a wani ɗan shago da bai fi tabarma biyu ba. A nan ya tashi, cikin ƙaurin dalma da kukan tashoshi. Abin da ya fi tsaya masa a rai daga shagon ba gyaran ba ne. Sau da yawa mutum zai zo da rediyo a hammata, ransa a ɓace, ya ce ta mutu. Tsohon zai buɗe bayanta ya ga batir ne aka sa a juye. Ba zai faɗa ba. Sai ya juya wa mai rediyo baya, ya hura nan, ya ƙwanƙwasa can, ya gyara batirin a ɓoye, ya miƙa masa yana cewa wata 'yar ƙura ce ta shiga. Ko sisi ba ya karɓa. Da ɗan ya tambaye shi dalili, sai ya ce, "Mutum ya zo wajenka da kansa a sama, kar ka bari ya fita da shi a ƙasa."

Da wannan tarbiyya ya je makaranta ya koyi kwamfuta, da ita ya shigo kamfanin tun ana lissafi a takarda. Shi ya ja kowace waya da ke ginin, shi ya shirya ɗan ɗakin sanyi na ƙasa inda manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan kamfani suke ta gurnani ba dare ba rana. Ɗakin nan tsaf yake kamar ɗakin tiyata. Kowace waya da launinta, kowace da inda ta dosa, a ɗaure a jere. Wannan kuwa babu wanda ya taɓa lura da shi, don kusan babu mai sauka can sai shi.

Abin da mutane suka sani nasa shi ne bayansa da tafin takalminsa, domin rabin rayuwarsa a ƙarƙashin teburan mutane ya yi ta. Wanda duk yake son sanin halin ma'aikacin ofis, ya leƙa ƙarƙashin teburinsa. Daga sama turare ne da kwat da agogon zinariya. Daga ƙasa kuwa, Allah ya kyauta. Cingam da aka tauna aka manna a jikin katako har ya yi baƙi. Ƙashin kaza a cikin ambulan. Farce da aka yanke aka share da ƙafa zuwa lungu. Safa guda ɗaya, ta bushe ta sandare, ba a san inda 'yar uwarta ta yi ba. Akwai wani jami'in sayarwa da ke tuɓe takalmi yana aiki, kuma bai taɓa janye ƙafarsa ba don Mai Waya ya shiga; sai dai ya ɗan karkatar da ita, ya ci gaba da hirarsa a waya, yatsun suna motsi a gefen kunnen bawan Allah. Mai Waya yakan riƙe numfashi ya yi abin da ya kawo shi. In ya fito ya wuce banɗaki ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya tofar da yawu, ya dawo da fara'arsa.

Kuma abin da yake tararwa a ƙasan, kusan kullum, batir ne a juye. An ture filogi da ƙafa. An cire wayar netwok an sa cajar waya. An zubar da shayi a kan allon rubutu an goge da hannun riga an yi shiru. Mai Waya zai gani da kallo ɗaya, amma ba zai gyara nan take ba, don in ya gyara nan take mai teburin zai gane wautarsa. Sai ya kwanta a ƙasan ya ɗan daɗe, ya taɓa wannan, ya yi tsaki, ya haska tocila a kan abin da lafiyarsa ƙalau. Can sai ya mayar da filogin a hankali, ya fito yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "A yi haƙuri, matsalar daga wajenmu ce."

Wajenmu. Shi kaɗai ne a sashen, amma haka yake faɗa, kamar akwai wata runduna a bayansa da za ta raba laifin da shi.

Manaja ya fi kowa cin moriyar wannan. Mutum ne dogo mai yawan miƙe ƙafa, kuma soket ɗinsa yana daidai inda dugadugansa ke kaiwa. Allo ya yi baƙi, sai ya danna ƙararrawa kamar gobara ta tashi. Mai Waya ya hau hawa uku da gwiwar nan tasa, ya shige ƙarƙashin tebur, ya yi wasan kwaikwayonsa, ya fito ya ba da haƙuri. Manaja ya girgiza kai ya ce, "Wannan netwok naku dai." Shi kuma ya ce, "Za a duba, yallaɓai."

Sai tsohuwar Sakatariya, wadda kowa ke kira Anti. Ta riga kowa zuwa kamfanin, hannunta a kan haruffa kamar ruwan sama, amma kwamfuta ba ta taɓa shiga kanta ba. Tana tsoronta kamar yadda ake tsoron karen maƙwabta. Takan goge takarda daga kwamfutar da hannunta bisa kuskure, ta zauna tana salati, don ta san an daɗe ana neman dalilin da za a ce ta tsufa. Mai Waya ya sauka ɗakin sanyi ya ɗauko kwafin da yake ajiyewa, ya mayar mata, ya ce, "Anti, kwantar da hankalinki, injin ne ya haɗiye, yakan yi haka." Ita kuma ta yi ta sa masa albarka har ya ɓace a kwana.

Na ukun shi ne babban Akanta, kuma nasa ya fi na kowa muni. Wata rana saƙo ya shigo masa cewa ya ci kyautar mota, ya danna nan ya karɓa. Mutum mai digiri biyu, mai gyara wa mutane Turanci a taro, ya danna. Kafin azahar cutar kwamfuta ta kulle bayanan kamfani kaf, ba a iya fitar da ko kwalin magani ɗaya daga sito. Akanta ya sauko ɗakin sanyi da kansa, karo na farko kuma na ƙarshe, gumi ya jiƙa masa kwala, ya kama hannun Mai Waya da hannu biyu.

"Injiniya, ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. In Manaja ya ji, na kaɗe. Ina da iyali."

Mai Waya ya ba da hutun ƙarshen makonsa gaba ɗaya, ya dawo da komai daga kwafi, bai je sunan jikar yayarsa ba. Da Manaja ya tambaya, ya ce wata cuta ce ta shigo daga waje, ana samun haka. Akanta ya yi mako guda yana gaishe shi da rusunawa, daga nan ya koma ɗaga masa gira.

To, ranar Litinin ɗin da ya koma gida, matarsa tana yanka albasa a kicin ya ba ta labari. Malamar makarantar firamare ce, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta ajiye wuƙar ta juyo.

"Baban yara, na daɗe ina gaya maka. Kai ka ce musu kayanka ba su da kyau, yau ka faɗa, gobe ka faɗa. To sun yarda. Me kake so su yi?"

"Ai sun san gaskiya a ransu."

"Wa ya gaya musu? Ni in yaro ya rubuta harafi a juye, ba na karɓe allon in gyara a ɓoye in ce alli ne ba shi da kyau. Nuna masa nake yi. Ya ji kunya yau, gobe ya iya."

"Waɗannan ba yara ba ne. Manya ne masu mutunci."

"Masu mutunci," ta ce, ta ci gaba da yankanta. "Ranar Alhamis ka buɗe baki ka yi magana. In ka dawo mini da 'a yi haƙuri', wallahi kai da tukunya za ku yi hira."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A ransa yana da tabbacin ba sai ya yi magana ba. Mutanen da ya rufa wa asiri shekara da shekaru za su zauna a teburin nan, kuma ko mutum ɗaya ya tashi ya ce wani abu, ya isa.

Ranar Alhamis aka taru a ɗakin taro na sama. Manaja a kan tebur, shugabannin sassa a gefe da gefe, an ajiye kwalaben ruwa da biskit kamar ana bikin karin girma. Mai Waya ya sa rigarsa mafi kyau, aka ba shi kujerar da ke kusa da ƙofa. Manaja ya fara da cewa ba a taru don a ci mutuncin kowa ba, wanda duk ya san ofis ya san in an fara da haka, cin mutuncin ne zai biyo baya. Ya ce zamani ya canja, yanzu ana son mai kula da netwok ya iya hulɗa da mutane, ya iya bayani, ba gyara kaɗai ba. Sannan ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani.

Jami'in sayarwa, mai ƙafar nan, shi ya fara. Ya ce shi dai a wata bai fi ya samu mako ɗaya lafiyayye ba. Wata ta ce firinta. Wani ya ce imel. Kowa yana faɗa yana kallon kwalbar ruwansa. Mai Waya yana jin su, kuma kowace matsala da aka ambata yana ganin ainihinta a idonsa: wannan caja ce, wancan shayi ne, waccan ta manta lambar sirrinta ne ta ce injin ya canja mata.

Aka zo kan Anti. Ta miƙe tana murza gefen mayafinta, idonta ya kawo ruwa.

"Yallaɓai, yaron nan mutumin kirki ne. Ban taɓa kiransa ya ƙi zuwa ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma tsakani da Allah, injin yana yawan haɗiye takardu. Shi ma ya sani, shi ya gaya mini."

Ba ƙarya take yi ba, abin da ya daskarar da shi ke nan. Tsohuwar ta yarda da maganarsa ɗari bisa ɗari, ta riƙe ta kamar karatu. Ya dubi Manaja, ya ga shi ma haka: mutumin bai taɓa sanin dugadugansa na da hannu a cikin komai ba.

Saura Akanta, wanda shi kam ya sani. Mai Waya ya ɗago ya dube shi. Akanta ya gyara tabarau, ya ɗauki biskit ya karya biyu, ya yi gyaran murya.

"Ni abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Kowa ya tuna lokacin da cuta ta shigo ta tsayar da mu cak. A ce kamfani kamar wannan ƙofarsa a buɗe take, kowane ɓarawo ya shigo? Ban ce laifin wani ba ne. Amma dai akwai wanda aka ɗauka don ya tsare ƙofar."

Ya jefa rabin biskit a baki yana tauna, ɓurɓushi na zuba a kan tayen wuyansa. Mai Waya ya sha ganin ƙazanta a ginin nan, ya sa hannu a cikin abin da ko mai shara sai ya toshe hanci, amma bai taɓa jin ƙyama irin ta wannan lokacin ba. Yawu ya taru masa a baki, ya rasa inda zai tofar, dole ya haɗiye. Tir da wannan hali, mutum ya ci amanar wanda ya fitar da shi kunya, kuma ko tauna bai daina ba.

"Injiniya," in ji Manaja, "kana da abin faɗa?"

Ya miƙe.

"Yallaɓai, netwok ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Yawancin abin da aka faɗa ba daga shi ba ne."

"To daga ina ne?"

"Daga... daga teburan mutane ne."

Manaja ya jingina da kujera, ba a fusace ba, da mamaki na gaske.

"Amma kai da bakinka kake cewa daga wajenku ne. Ni kaina ka faɗa mini ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. To yaushe ka faɗi gaskiya, da ko yanzu?"

In ya ce yanzu, ya zama maƙaryacin shekaru, kuma mai shafa wa abokan aiki kashin kaji don ya tsira. Sai kuma an ce ya kawo misali. Misalin Manaja ba ya faɗuwa a gaban ma'aikatansa. Na Akanta, maganarsa ce da ta Akanta, kuma shi da hannunsa ya share duk wata alama tun wancan lokacin, don rufin asirin ya cika. Misalin da kowa zai yarda da shi nan take ɗaya ne, na Anti, ga ta can tana share ido da mayafi tana yi masa addu'a a ƙasa-ƙasa. In ya ambace ta, kafin wata ya ƙare tana gida.

Ya dube ta, ya dubi ƙofa. Ya ce ba shi da ƙarin bayani, ya zauna.

Aka ba shi zuwa ƙarshen wata ya miƙa aiki. Da ya gaya wa matarsa, ba ta yi faɗan da ta yi alkawari ba. Ta zuba masa abinci, ta zauna kusa da shi har ya gama juya cokali a ciki, ta ɗauke kwanon, kuma hakan ya fi masa faɗan ciwo.

Kamfanin wajen ya turo wata mata, Injiniya ita ma, mai matsakaicin shekaru, da jakar baya da takalmi mara tsini. Ba ta da yawan murmushi, ba ta da raini. Da ya kai ta ɗakin sanyi ta tsaya ta bi wayoyin da kallo, ta ce, "Baba, wa ya yi wannan aikin?" Ya ce shi ne. Ta ce, "To me aka ce ya lalace?" Ya ce doguwar magana ce.

A ranarsa ta ƙarshe suna tsaye yana nuna mata makullai, ƙararrawar Manaja ta ɗauka. Suka hau tare, ita a gaba, shi yana bin ta da gwiwarsa. Suka tarar da Manaja ya harɗe hannu a gaban baƙin allo, ga Akanta a zaune da fayil, ga wasu baƙi biyu.

"Kun gani ko? Ina tsakiyar aiki."

Matar ta ɗan leƙa gefen teburin, ko jakarta ba ta sauke ba.

"Yallaɓai, ƙafarka ce ta ture filogin. Ga shi can a ƙasa. In ka miƙe ƙafa, nan take kaiwa."

Gaban Mai Waya ya faɗi. A gaban baƙi! A gaban Akanta! Ya sunkuyar da kai yana jiran tsawar da za ta biyo baya, har yana tausayin matar, tun daga farawa ta jawo wa kanta.

Manaja ya leƙa ƙasa. Ya dubi takalminsa, ya dubi filogin. Sai ya fashe da dariya, irin ta ciki, har yana dukan tebur.

"Kai! Ashe ni ne ɓarawon! Ku ji fa, ni nake kashe wa kaina wuta!"

Baƙin suka taya shi. Ya sunkuya da kansa, da kwat ɗinsa da komai, ya mayar da filogin, allo ya kawo haske. Matar ta ce gobe za ta sa a matsar da soket ɗin zuwa bango, shi ke nan an huta. Manaja ya ce madalla, haka ake so. Ko ɗigon kunya babu a fuskarsa, kansa a sama yake kamar kullum. Ya juyo wajen Mai Waya yana share hawayen dariya, ba da mugunta ba, da zuciya ɗaya.

"Ka gani, Injiniya? Abu ɗan wannan. Shekara da shekaru, a ce an rasa wanda zai gaya mini?"

Mai Waya ya dubi ƙasa. Sai a lokacin ya lura da hannayensa. Tun shigowarsu ɗakin ya kama wandonsa ta wajen gwiwa ya ɗan ɗage shi, ya shirya durƙuso, kuma har yanzu yana riƙe da shi. Ya saki wandon, ya ajiye makullan a gefen teburin, ya fita ya ja musu ƙofa a hankali.